Kitson Yashi a Masakin Inna Baiwa

Duk wanda ya ci tuwon shinkafa a rumfata da ke bakin tashar Birnin Kebbi, a shekarun da garin yake ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni yake yabo. Ban taɓa hana kowa ba, hannu bibbiyu nake karɓa. Amma nawa a ciki shi ne miya da tuƙi da faɗa da direbobi. Abin da ya sa mutum yake kai loma baki ya tauna hankalinsa kwance, ba tare da ya ji ƙaras a haƙori ba, wannan aikin Inna Baiwa ne.

Sunana Ma'u. Gidanmu da na Inna Baiwa katanga ɗaya ce ta raba su a unguwar Nasarawa, kuma katangar ma ta zube ta wani gefe, ba wanda ya damu ya gyara, domin ta nan muke miƙa wa juna wuta da gishiri. Ita 'yar Argungu ce, 'yar manoman shinkafa. Aure ne ya kawo ta Birnin Kebbi, gidan Labbo mai gyaran keke. Da Labbo ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunansu, sai ta ci gaba da zama a ɗakinta da sana'ar da ta iya tun tana yarinya, wato rege shinkafa.

Yaran yanzu da suka tashi da shinkafar buhu ba su san wahalar nan ba. Tamu daga fadamar Ambursa take zuwa, a ƙasa ake bugunta, a ƙasa ake shanya ta bayan an turara, sai ta iso hannunka da rabonta na yashi da tsakuwa. Kowace mace ta iya rege kwano ɗaya na gidanta. Amma a ce tulin da za a ciyar da tasha guda, kullum, kuma kada a samu ko ƙwaya ɗaya ta tsakuwa, wannan sai Inna Baiwa. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙananan idanu, ba ta da yawan magana sai in an taɓo aikinta. Tana da wani tsohon masaki, babbar ƙwarya mai faɗin ciki, wanda aka ɗinke bakinsa wuri biyu. Na sha ce mata zan sayo mata daro na ƙarfe, ta ce in sayo wa kaina in yi wanka.

Da hantsi take zama a gindin bedi, wato bishiyar dogon yaro, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora masakin a cinya. Ta zuba shinkafa, ta zuba ruwa, sai ta fara kai shi gaba tana dawo da shi. Shinkafar takan taso ta gangara cikin wata ƙwaryar da ke gefe, yashi kuwa da nauyinsa ya kwanta a ƙasa. Ba ta zubar da yashin nan da wuri. Takan bar shi ya taru, ta ci gaba da kaɗawa har ƙwayar shinkafa ta ƙarshe ta fito, sannan ta tsaya ta leƙa ciki kamar mai duba fuskarta.

Na daɗe ina ganin wannan leƙe ban tambaya ba, har ranar da haƙurina ya ƙare, domin tukunyata tana kan wuta tana jira.

Na ce, “Inna, mi ki ka nema cikin wagga ƙasa? Zinariya?”

Ta ce, “Zo ki gani, mai gaggawa.”

Na leƙa. Yashin bai kwanta a baje ba. Ya jeru layi-layi, tudu da kwari, tudu da kwari, daga wannan gefen masakin zuwa wancan, tazararsu ɗaya.

Ta ce, “Kitso na. Ruwa ka yi mai shi. In hannuna ya tahi daidai ya dawo daidai, haka za ki gane shi.”

Daga nan bakinta ya buɗe, tuwona ya makara. Ta nuna mini in ta kai masakin da nisa kafin ta dawo da shi, layukan sai su haɗe su zama manya, su ba juna wuri. In ta taƙaita, sai wasu ƙanana su tsiro a tsakanin manyan. In ta ɗan canza kaɗan kawai, yashin ba ya kula ta, yana nan yadda yake. Sai ta fizge shi da ƙarfi da gangan, kitson ya goge gaba ɗaya, ruwan ya gurɓace, yashi ya tashi sama. Ta ce wannan shi ne regen mai fushi, kuma shi ne yake mayar da tsakuwa cikin abinci. Tana faɗa tana kallona, na yi kamar ban gane da wa take ba.

A bakin gulbi ta fara ganinsa, in ji ta, can Argungu, inda suke wanke-wanke tana ƙarama. Akwai wani lungu da ruwa ba ya gudu, sai dai in jirgin masunta ya wuce ko iska ta taso, ruwan ya riƙa zuwa yana komawa a kan rairayi. Takan taka kitson nan da ƙafa ta ɓata shi, ta dawo washegari ta tarar ruwa ya sake kitsa shi. Da kakarta ta ɗora mata masaki a cinya, ta ga abin nan na gulbi ya fito a ciki, ta ce daɗin da ta ji ranar har tsufanta bai bar ta ba.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Ita tana regewa, ni ina tuƙawa, direbobin hanyar Argungu da Jega da Sakkwato suna ci suna ƙorafin nama ya yi kaɗan. In ana biki a Nasarawa ita ake kira, ta tafi da masakinta a ka. Ba ta tara komai ba, ba ta kuma rasa komai ba. Tana da goronta, tana da rediyonta, tana da akuya mai shiga gidan mutane. Ban san mace mai wadatar zuci kamarta ba, kuma na san mata da yawa.

Wata shekara bayan sanyi kafaɗarta ta dama ta riƙe. Aka shafa man shanu, aka gasa da tsumma mai zafi, ciwon ya lafa amma hannun bai koma miƙewa kamar da ba. Wata safiya ta kira ni ta katanga, muryarta ba yadda na saba ji ba. Na tarar ta tsura wa masakin ido.

Ta ce, “Dubi abin da ni yi.”

Kitson ya hargitse. Layi ya taho daidai sai ya rabu biyu, wani ya katse a tsakiya, wasu ƙanana sun kutso inda ba wurinsu ba. Na ɗebi shinkafar da ta rege na baza a tafin hannu, na tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Tas take.

Na ce, “Inna, shinkahwa mu ka ci, ba yashi ba.”

Ta ce, “Shi ka hwara sani. Haƙori daga baya shi ka ji.”

Tsoro ne ya kama ta, na gani a fuskarta. Ba tsoron yunwa ba, domin tana da masu ciyar da ita. Tsoron ranar da za ta wayi gari ba abin da zai sa ta miƙe ƙafa a gindin bedi.

Ana cikin haka ɗanta Dikko ya zo gaishe ta. Dikko shi ne ɗanta na fari, kuma wanda bai san mutanenmu ba sai na yi masa bayani. Ɗan fari a wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye Dikko aka kai shi Argungu wurin kakarsa, can ya tashi, can ya yi aure, can yake fataucin albasa. Inna Baiwa “mutumin Argungu” take ce masa. In ya zo, a bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon wani wuri, sannan ya wuce gidan baffansa ya sauka. Mutum ne mai kirki, mai nauyin baki, irin waɗanda in sun yanke magana a ransu an gama.

Ya ga yadda take ɗaga buta da hannun hagu. Da zai koma ya biyo ta rumfata ya ce in shaida wa tsohuwa ya gyara mata ɗaki a gidansa na Argungu, bayan sallah zai turo mota, ta huta haka nan.

Na ce, “Malam Dikko, ka tambaye ta?”

Ya ce, “Ta ce miki ba ta so?”

Ba ta ce ba. Na kai mata saƙo, na zauna ina jira ta ce a'a in koma da gudu. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce, “Allah shi yi mai albarka.” Na yi faɗa, na ce ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta, ni zan kai, ba sai ta dube shi ba. Ta ce yaron da bai tashi a hannunta ba, ga shi ya tuna da ita, da wane baki za ta mayar masa da alherinsa. Ranar na huce haushina a kan wani kwandasta da ya ce miyar sure, wato yakuwa, ta yi tsami.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kafin sallar ta zo kitson ya gyaru. Tana ta aikinta da gajeren hannun nan kullum, sai ga shi yashin ya bi ta. Rabe-raben suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, layukan suka sake miƙewa, sai dai sun fi na da ƙanana, sun fi matsuwa. Ta kira ni ta nuna mini tana murmushi, ta ce ashe jira yake ta tsaya a kan hannu ɗaya. Na ce to sai a aika Argungu a ce an fasa. Ta ce an riga an shafe ɗaki.

Mota ta zo, fijo mai buɗaɗɗen baya. Aka ɗora akwatinta da rediyo da akuya, masakin kuwa a cinyarta ta riƙe shi. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Rabi don ita, rabi don tuwona.

Tuwon kuwa ya ji jiki. Ni da kaina na koma regewa, kuma ni mai fushi ce, Inna ta riga ta faɗa. Direbobi suka koyi tauna a hankali. Da damina ta wuce hanya ta yi kyau, na rufe rumfa na shiga motar Argungu, da niyyar in gaishe ta, da kuma wata niyyar a ƙasan raina ta in ga ko za a ba ni aronta.

Dikko bai yi ƙarya ba. Ɗaki ne mai kyau, da siminti, da katifa, da labule. Matarsa Asiya yarinya ce mai ladabi, ko tsinke ba ta bari surukarta ta ɗaga. In Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya, Asiya ta riga ta. In ta nufi randa, an riga an ɗebo. Masakin yana rataye a bango, an wanke shi fes. Ita kuwa Inna Baiwa ta rame, ta yi haske irin na wanda ba ya shiga rana. Muka gaisa, na tambayi jiki, ta ce lafiya lau, an gode Allah, ba abin da ta nema ta rasa. Hannayenta suna kan cinyarta a kife, ban taɓa ganinsu haka ba.

Da azahar Asiya ta kawo mana dafa-duka da kifi. Loma ta biyu na ji ƙaras har cikin kunnena. Na dubi Inna. Ta kawar da kai, ta ce a hankali, “Yarinya ta, tana ƙoƙari.” Na lura ita ba ci take ba, tsakura take. Ta ƙara rage murya ta ce daga nan ɗakin tana jin lokacin da Asiya take regewa a tsakar gida, tana jin inda hannun yake fizga, sai ta ƙara ƙarar rediyo.

Na ciro tsakuwar daga bakina, na ɗauraye ta, na nufi zaure inda Dikko yake zaune a kan buhunan albasa. Na ajiye masa ita a gabansa.

Ya dube ta ya ce, “Mun saba. Shinkahwar hwadama ta.”

Na ce, “Kun saba, alhali wadda ta hi kowa iya hidda ta duk ƙasar ga tana cikin gidanka tana kallon bango?”

Ya ce, “Hajiya Ma'u, mi mutane za su ce? Na ɗauko tsohuwa da ciwon kahwaɗa in sa ta aikin gida?”

Ban je Makka ba a lokacin, amma na bar masa Hajiyar, domin ina da abin faɗa. Na ce mutane ba su ne za su yi mata sutura ba in zaman nan ya kashe ta. Na ce abincin ma ta daina ci. Na ba shi labarin kitson yashi, yadda ya ɓaci, yadda ya gyaru, yadda ta kira ni tana murmushi kwana kaɗan kafin motarsa ta zo. Yana saurare yana juya tsakuwar da yatsa.

Ya ce, “Ba ta hwaɗi ba.”

Na ce, “Kai za ta hwaɗa ma? Kai ko ka taɓa hwaɗa mata wani abu?”

Na fara tunanin ko na wuce gona da iri a gidan mutane. Can ya ce in kwana, kada in koma yau.

Washegari da hantsi ina zaune da Inna a ƙofar ɗakinta, sai ga Dikko ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi a wannan lokacin. Bai dubi inda muke ba. Ya tsaya ya ba mu baya, ya kira matarsa da murya mai ƙarfi, ya ce yana da baƙi yau, fataken albasa daga nesa, manyan mutane, kuma ɗayansu yana fama da haƙori. Ya ce shinkafa yake so a yi musu, amma in aka samu tsakuwa ya ji kunya. Ya ce in da akwai wanda ya iya rege sosai a gidan nan, da an taimake shi. Yana gama faɗa ya fice da sauri kamar an biyo shi.

Asiya ta tsaya da kwano a hannu, tana satar kallonmu. Inna Baiwa ta daɗe tana kallon akuyarta. Sannan ta ce wa akuyar, “A ce ma masu gidan ga su sauko min da ƙwaryata. Kuma ruwan randa ni ka so, wanda ya kwana.”

Ta miƙe ƙafafu a inuwar katanga, aka ɗora mata masakin. Da farko hannun ya yi nauyi, ruwan ya fantsala a zaninta, ta yi tsaki. Sannu a hankali ya kama hanya, gaba da baya, gaba da baya. Asiya ta durƙusa a gefe tana kallo, Inna ta fara yi mata bayani ba tare da an tambaye ta ba, har da tsokanar cewa wasu hannuwan a Birnin Kebbi sun fi nata muni. Da ta gama ta leƙa ciki, ta karkato mana shi mu gani. Ƙananan layuka ne, a miƙe. Na ji daɗi har na manta da maganar aron da ta kawo ni, kuma ban sake tayar da ita ba.

Da abinci ya sauka na ce ni zan kai zaure, ina son in ga fataken nan. Na tarar da Dikko shi kaɗai a kan tabarma, ya wanke hannu yana jira. Na ajiye masa kwanon. Ya yi bisimilla, ya kai loma, yana tauna a hankali yadda ya saba, haƙora ba sa haɗuwa sosai. Ya kai ta biyu haka. A ta uku ya saki baki ya tauna sosai. Ya ci ya ci, kansa a sunkuye.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Direbobi na ta ba ni labari. Ni ban taɓa cin wadda ta rege ba, sai yau.”

Na jira ya gama na ɗauki kwanon na koma ciki.

Inna Baiwa tana shanya masakinta. Ta dubi kwanon, ta ga ko ƙwaya ba ta rage ba. Ta san babu wasu fatake, gidan ba shi da girman da za a yi baƙi ba ta ji sallamarsu ba.

Ta ce, “Baƙin sun ci?”

Na ce, “Sun ci, Inna. Sun ce in da saura a ƙara.”

Ta karɓi kwanon daga hannuna, ta je tukunya da kanta, Asiya ta matsa mata. Ta cika shi, ta zaɓi tsakiyar kifi ta ɗora a sama. Da ta miƙo mini sai ta riƙe gefen kwanon ba ta saki ba.

Ta ce, “Ki tambaye su ko gobe suna nan.”

Na koma zaure na tambaya. Dikko ya share idonsa da bakin hannun riga, ya jawo kwanon gabansa.

Ya ce, “Ki ce mata suna nan. Ba su da ranar tahiya.”